Daga Jena zuwa Texas: Neman Maganin Ciwon Damuwa a Igiyoyin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1924 wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Hans Berger, ya naɗi motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a birnin Jena. Sai 1929 ya yarda ya buga sakamakon. Ya lura idan mutum ya lumshe ido yana hutawa, layin da na'urar ke zanawa kan hau ya sauka kamar sau 10 a daƙiƙa. Nan aka samo awon EEG, wanda masu farfaɗiya suka fi kowa cin moriyarsa.

Ciwon damuwa kuwa lokacin ba shi da magani na kirki. Sai 1957 Roland Kuhn na Suwizalan ya bayyana amfanin maganin imipramine, Prozac kuma ya samu izini a Amurka a 1987. Magunguna suka yawaita, amma zaɓensu ya zama lalube cikin duhu: a ba majinyaci ƙwaya, ya jira mako 4 zuwa 6, in ba ta karɓe shi ba a sake wata. Babban binciken STAR*D na 2006 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke warwarewa da maganin farko. Ga wanda ko tashi daga shimfiɗa ya gagare shi, wannan jira azaba ce.

Shi ya sa aka koma wa ƙwaƙwalwar. A 1997 Helen Mayberg ta yi wa ƙwaƙwalwar majinyata hoton PET, ta ga wani yanki can ciki ta wajen goshi ya fi aiki ga waɗanda magani zai karɓa. A 2001 Diego Pizzagalli ya ga alamar a yankin da EEG, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba: hular wayoyi ce kawai, da ɗan mai mai sanyi a fatar kai.

Sai dai yawancin binciken na mutane kaɗan ne. A 2019 Alik Widge da abokan aikinsa suka tattara su suka tace, suka ce awon bai kai a dogara da shi a asibiti ba. Shekara guda bayan nan ayarin Amit Etkin na Stanford da Madhukar Trivedi na Texas suka sa kwamfuta ta nazarci EEG na majinyata kimanin 300, ta tsamo alamar da ke hasashen wa maganin sertraline zai yi wa aiki.

An ci gaba, babu ja. Amma har yau tambayoyin likita da amsar majinyaci ne ke zaɓar ƙwayar.