Waƙoƙin da Mai Su Ya Ajiye: Tarihin Ɓoyayyen Faifan Bob Dylan

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin waƙa sun saba dogara da abin da mawaƙi ya fitar da yardarsa. To, amma akwai waƙoƙin da shi mawaƙin ya ajiye, masu sauraro suka tono su, har suka fifita su a kan waɗanda aka kai musu kasuwa. A cikin wannan takarda za mu dubi misali guda daga Amurka, wato Bob Dylan, mawaƙin da ke tsara waƙoƙinsa ya kuma rera su da kansa, domin mu gano abin da ya jawo masoyansa ga irin waɗannan waƙoƙi.

2.0 Asalin Waƙoƙin

Waƙoƙin da muke magana a kansu kashi biyu ne. Kashi na farko an ɗauke su ne a tef cikin watan Disamba na 1961, a wani ɗaki a jihar Minisota. A lokacin Dylan yana ɗan shekara 20, faifansa na farko bai fito ba sai a watan Maris na 1962. Galibinsu waƙoƙin gargajiya ne da ya koya daga magabata.

Kashi na biyu ya samo asali ne daga haɗarin babur da ya yi ran 29 ga Yuli, 1966, wanda bayansa ya daina yawon wasa, ya koma gida. A 1967 ya riƙa haɗuwa da makaɗansa, waɗanda daga baya aka san su da suna The Band, a ɗakin ƙasa na wani gida kusa da Wudstok a jihar Niyok. A nan suka ɗauki waƙoƙi fiye da 100. An tsamo 14 daga ciki aka rarraba wa waɗansu mawaƙa, ko sa so su rera. Alal misali, a 1968 ƙungiyar Manfred Mann ta ɗauki guda, ta kuwa zo ta ɗaya a kasuwar Ingila.

3.0 Yadda Suka Fita

Ke nan jama'a sun ji waƙoƙin daga bakin waɗansu, ba su ji daga bakin mai su ba. A 1968 jaridar Rolling Stone ta yi kira da a fitar da su, aka yi shiru. Cikin watan Yuli na 1969 sai ga wani faifai mai tagwaye ya ɓulla a kantunan Los Anjelis cikin farin bango, babu suna, babu hoto. Shi ne aka laƙaba wa suna Great White Wonder. Waɗanda suka buga shi sun haɗa waƙoƙi daga kashi biyun nan, ba da iznin mawaƙin ko kamfaninsa na Columbia ba. Daga nan sana'ar buga faifan sata ta kankama.

4.0 Dalilin Farin Jininsu

A ganinmu dalilai uku ne. Na farko, ɗokin abin da aka ɓoye, musamman da yake mawaƙin ya ƙaurace wa dandali. Na biyu, tef ɗin 1961 ya nuna wa masoya tushen gwaninsu, suka ji shi yana ɗan koyo. Na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne rashin gyara. Mai sauraro yana jin dariya da tuntuɓen harshe, kamar da shi ake zaune a ɗakin.

Abin da ya faru a 1975 ya ƙarfafa wannan dalili. A shekarar ce Columbia ta fitar da The Basement Tapes, mai waƙoƙi 24, amma 16 kaɗai ne Dylan ya rera, kuma an ƙara wa waɗansu kiɗan da babu shi a asali. Faifan ya karɓu, amma masu bin diddigi suka ci gaba da neman ainihin tef ɗin. Sai a 2014 aka fitar da shi dungurungum, waƙoƙi 138.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa ƙi naka, duniya ta so shi. Buga faifai ba da izni ba tauye haƙƙin mawaƙi ne, wannan babu ja. Duk da haka, nacin masoya na cikin abin da ya sa kamfanin ya buɗe taskarsa daga 1991, ya shiga fitar da tsofaffin tefatefan Dylan bi da bi. Saboda haka mai rubuta tarihin mawaƙi, in ya tsaya ga abin da mawaƙin ya yarda a ji kaɗai, to ya bar rabin aikinsa a baya.