Tarihin Wasan Tetris da Rigimar Mallakarsa

Tetris wasa ne na kwamfuta wanda wani injiniya ɗan ƙasar Rasha, mai suna Alexey Pajitnov, ya ƙaga a birnin Mosko zamanin Tarayyar Soviet, kuma kamfanin da ke riƙe da shi a yau yana ƙidayar shekarunsa ne daga ran 6 ga watan Yuni na 1984. Ƙa'idarsa ba ta da tsawo: wasu siffofi guda 7, kowace an haɗa ta da ƙananan murabba'ai huɗu, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya cikin fili mai faɗin gida 10 da tsawon gida 20, shi kuwa mai wasa yana juya su, yana kai su dama ko hagu, kamar yadda magini ke jera tubali, domin ya cike layi ba tare da ya bar kafa ba, layin da ya cika sai ya ɓace, wanda bai cika ba sai ya zauna, har tarin ya kai ƙololuwa wasa ya ƙare.

Pajitnov, wanda aka haifa a 1955, ma'aikaci ne a cibiyar lissafi ta Dorodnitsyn da ke ƙarƙashin Majalisar Masana Kimiyya ta Soviet, kuma tun yana yaro yake da sha'awar wani wasan wasa ƙwaƙwalwa na katako, mai siffofi 12 masu murabba'i biyar biyar, waɗanda ake jerawa cikin akwati. Da ya yi nufin mai da shi cikin na'ura, sai ya lura siffa 12 ta yi wa hankali yawa idan ana gaggawa, ya rage murabba'i ɗaya daga kowace, suka koma 7. Da ya ga filin yana cika nan da nan, sai ya hukunta cewa duk layin da ya kammala a shafe shi. Wannan hukunci na biyu shi ne ruhin wasan, domin shi ya sa aikin da mutum ya kyautata yake gushewa daga idonsa, kurakuransa kaɗai ke saura suna kallonsa, har ransa ya ƙi kwanciya sai ya sake gwadawa. Na'urar da ya yi aikin a kanta, Elektronika 60, ba ta iya nuna zane ba, sai haruffa. Don haka da alamomin baka biyu na rubutu ya siffanta kowane murabba'i. Ni a ganina, wanda duk ke neman koyon tsara wasanni ya tsaya ya yi nazarin wannan, gama hikimar ba a yawan kayan aiki take ba, tana cikin sanin abin da za a rage.

Wani ɗalibi mai shekara 16, Vadim Gerasimov, shi ya taimaka aka mai da wasan kan kwamfutar IBM, aka sa masa launi, daga nan ya bazu cikin ofisoshin Mosko, hannu zuwa hannu, a kan faifai, ba sisin kwabo. A ƙarƙashin mulkin gurguzu ma'aikaci ba shi da ikon kafa kamfani ko sayar da abin da ya ƙirƙira da kayan gwamnati, saboda haka tun daga farko mai abu ya zama ɗan kallo a cikin sha'anin abinsa.

Wasan ya ƙetara zuwa ƙasar Hangari, inda a 1986 wani dillalin manhajoji mazaunin Ingila, Robert Stein na kamfanin Andromeda, ya gan shi a birnin Budapest. Ya aika saƙo Mosko yana neman izini, aka amsa masa da cewa ana sha'awar a tattauna, shi kuwa ya ɗauki wannan amsa a matsayin ƙulla ciniki, ya je ya sayar da izinin ga kamfanin Mirrorsoft na attajirin jaridu Robert Maxwell, da ɗan'uwansa Spectrum HoloByte na Amurka, alhali ko takarda ɗaya ba a sa wa hannu ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikinsa ba ya tabbata sai mai abu ya yarda. Kuma duk fitinar da ta biyo baya daga wannan ƙofa ta shigo. A farkon 1988 wasan ya cika kantuna a Turai da Amurka, an ƙawata kwalinsa da jan launi da hoton ginin majami'ar da ke dandalin Mosko, domin mai saye ya ji yana riƙe da wani abu da ya fito daga bayan katangar gurguzu. Sai cikin watan Mayu na wannan shekara Stein ya sami yarjejeniya da Elorg, hukumar Soviet mai kula da cinikin na'urori da manhajoji da ƙasashen waje, ita ma a kan kwamfuta kaɗai. Amma Mirrorsoft ya ci gaba da miƙa wa kamfanin Atari Games izinin na'urorin wasa na gida, wannan ya sayar wa wancan, har silsilar ta kai Japan.

A nan ne Henk Rogers ya shigo, haifaffen ƙasar Holan, mai wani ƙaramin kamfani a Japan, Bullet-Proof Software, wanda ya fara ganin wasan a bajekolin Las Vegas cikin Janairun 1988. Da ya sami labarin kamfanin Nintendo na shirin fitar da ƙaramar na'urar hannu mai suna Game Boy, sai ya shawo kan shugaban reshen kamfanin na Amurka, Minoru Arakawa, da hujjar cewa in an haɗa ta da wasan Mario yara maza za su saya, in kuwa an haɗa ta da Tetris kowa zai saya. Cikin Fabrairun 1989 ya sauka Mosko da takardar izinin yawon buɗe ido, ba wanda ya gayyace shi, ya nemi ofishin Elorg har ya samu. Ashe a wannan mako ɗin Stein da Kevin Maxwell, ɗan attajirin, su ma suna garin, kowa bai san da zuwan ɗan'uwansa ba. Rogers ya fito da kaset ɗin wasan da yake sayarwa a Japan ya ajiye gaban jami'in hukumar, Nikolai Belikov, yana zaton abin yabo ne, sai ya ga fuskar jami'in ta sauya, domin kaset ɗin na na'urar wasa ta gida ne, Elorg kuwa ba ta taɓa ba kowa izinin irin wannan na'ura ba. Maimakon ya yi musu, sai ya bayyana daga hannun wanda ya saya, ya rubuta cek na kuɗin abin da ya riga ya sayar, kuma wannan gaskiya da ya faɗa ita ta jawo masa amincewar Belikov da abotar Pajitnov.

Belikov ya nuna basira irin ta gogaggen alƙali. Ya kawo wa Stein gyararriyar yarjejeniya mai ɗauke da tarar jinkirin biya, wadda ta ɗauke masa hankali, a ciki kuwa an ƙara sharaɗi guda da ke fayyace mece ce kwamfuta, watau na'ura mai allon kallo da allon bugun haruffa da ma'ajiyar faifai; Stein ya sa hannu, da haka izinin na'urorin gida ya fita daga hannun duk waɗanda suka saya ta hanyarsa. Rogers ya sami na na'urar hannu, sa'an nan cikin Maris Arakawa da lauyansa Howard Lincoln suka zo a asirce suka karɓi na na'urorin gida. Robert Maxwell ya kai kuka har gaban shugaba Gorbachev, bai amfana masa kome ba. A watan Yuni wata kotu a San Francisco ta hana Tengen, reshen Atari Games, sayar da nasa bugun, aka janye shi daga kantuna bayan 'yan makonni da fitowarsa. Bugun Game Boy kuwa, mai kiɗan nan da aka ɗauko daga tsohuwar waƙar Rasha ta Korobeiniki, an sayar da kimanin kwafi miliyan 35.

Duk wannan dukiya ta wuce Pajitnov, domin ya riga ya sallama wa hukuma haƙƙinsa na shekara 10. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1991 da taimakon Rogers, kuma sai a 1996, da wa'adin ya cika shi da Rogers suka kafa The Tetris Company, ya fara cin gumin aikinsa, shekara 12 bayan ƙirƙirarsa. A 2005 aka saye ragowar hannun jarin Elorg. A tsakanin waɗannan shekaru masu kwaikwayo sun cika duniya da 'yan na'urorin roba masu arha na ƙasar Sin, waɗanda aka sani da Brick Game, kuma ta hanyarsu ne yara da yawa a Nijeriya suka san wasan ba tare da sun taɓa jin sunan mai shi ba.

Sauran mas'ala ita ce ko ana iya mallakar wasa mai sauƙi haka, tun da dokar Amurka ba ta kare ƙa'idar wasa, sai surar da aka fito da shi. A 2012 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta yanke hukunci tsakanin masu Tetris da kamfanin Xio Interactive, wanda ya yi wani wasan wayar hannu mai suna Mino, ta ce ƙa'idar ta kowa ce, amma kamannin siffofin, da girman filin, da yadda suke motsi da faɗowa, na masu Tetris ne, kuma Xio ya keta haƙƙinsu.