Tarihin Gulbin Maraɗi

Ƴan'uwa masu karatu, yau za mu duba tarihin Gulbin Maraɗi.

Mafarin gulbin nan yana ƙasar Katsina, cikin Nijeriya. Can ana ce masa Gada. Ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji. Daga nan ya sake komawa Nijeriya, ya faɗa Gulbin Rima. Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su zuba cikin Kwara.

Gulbin ba ya gudu shekara duka. Da damana yake kawo ruwa. In ya cika, sai ya bazu cikin fadama, ya bar laka mai taki. Wani ruwan ya nutse ƙasa. Shi ne ruwan da kuke ja a rijiya da rani.

Albarkar nan ta jawo mutane. Bayan jihadin Shehu Usmanu, sarakunan Katsina da aka kora suka zauna Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Fadama ta ci da su, kurmin gulbi ya kare su daga mahara.

Amma ruwa ba ya da aboki. A 1945, zamanin Nasara, ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke bakin fadama. Shi ya sa aka tashi garin, aka maida shi bisa tudu.

Sai kuma ƙarancin ruwa ya biyo baya. An yi babban fari a 1973 da 1984. A farkon shekarun 1980 aka shirya gonakin noman rani a Jiratawa, ana jawo ruwan ƙasa da inji. Daga baya Nijeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya, ruwan da ke isowa Maraɗi ya ragu. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu bisa yarjejeniya a Maiduguri, don a raba ruwan da adalci.

To, kun ga mai garka a Tsibiri da mai gona a Jibiya ruwa guda suke sha. Kada ku gina gida a hanyar ruwa. Kada ku sare itacen bakin gulbi, don saiwarsu ke riƙe gaɓa. In an sare su, rairayi ya cike gulbin.

Ku tambayi tsofaffin garinku inda ruwa yake kaiwa da, ku gwada da inda yake tsayawa bana. Ku rubuta amsar, ku kawo ta ajin yaƙi da jahilci.