Ginin Ƙwayar Bakteriya da Tasirinsa ga Aikin Magunguna da Rigakafi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sassa huɗu na ƙwayar bakteriya, wato bango da kwanso da raibosom da filasmid, domin fito da dalilin da ya sa magani ke kashe wata bakteriya ya gaza a kan wata. An bi hanyar kwatanta siffofi, aka ɗauki misalai daga tarin fuka da sanƙarau. Nazarin ya nuna cewa a ginin ƙwayar ne magani ke samun kafar shiga, kuma a nan ne turjiya ke farawa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1676 ne Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ba da rahoton ganin bakteriya ta madubin da ya ƙera da hannunsa. Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, kuma ƙwayoyin gadonta a zube suke a cikinta, babu tantanin da ya killace su kamar yadda yake a ƙwayar jikin mutum. Tsawon bakteriyar Escherichia coli bai wuce kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, amma idan ta sami abinci da ɗumi takan rabu biyu cikin minti 20. Ba duka bakteriya ne masu cutarwa ba: Bacillus subtilis ce kan gaba wajen mayar da kalwa daddawa, Bradyrhizobium kuma ita ke tara wa wake da gyaɗa sinadarin naiturojin a saiwoyinsu.

2.0 Bango

Bangon bakteriya saƙa ce ta sukari da gajerun sarƙoƙin furotin, wadda ake kira feftidogilaikan. Tamkar raga take, ta naɗe ƙwayar ta hana ruwan da ke kutsowa ciki ya fasa ta. A 1884 Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya fito da rinin da ya raba bakteriya gida biyu. Masu kaurin bango, mai kai nanomita 20 zuwa 80, suna riƙe launin shunayya ko an wanke su da sinadarin alkohol. Masu siririn bango kuwa launin yakan zube, sai dai suna da ƙarin tantani a waje wanda ke tare magunguna da dama.

Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, yana hana ɗinke sarƙoƙin wannan saƙa ne. Bakteriyar da ke girma sai ta wayi gari da bango mai ɓaraka, ruwa ya cika ta, ta fashe. Ƙwayar jikin mutum ba ta da irin wannan bango, shi ya sa maganin ba ya taɓa ta. Haka nan ba ya tasiri a kan bakteriyar Mycoplasma, domin ita ma ba ta da bango.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, bangonta na da kauri da maiƙo saboda sinadarin maikolik asid. Rinin Gram ba ya kama ta sosai, don haka ake gwada kakin majinyaci da rinin Ziehl-Neelsen. Ga maiƙon da ke hana magani ratsawa, ga jinkirin rabuwa da kan kai awa 15 zuwa 20; waɗannan na cikin dalilan da suka sa jinya ke ɗaukar wata shida, ana farawa da magunguna huɗu. Ɗaya daga cikinsu, aisoniyazid, aikinsa hana ƙera wannan maiƙo ne.

3.0 Kwanso

Neisseria meningitidis, mai haddasa sanƙarau, tana lulluɓe da kwanson sukari da ke hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta. Da bambancin wannan kwanso ake karkasa ta rukuni-rukuni, kuma da shi ake haɗa allurar rigakafi. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya kuma a 2011, ta karya lagon rukunin A. Sai dai rukunin C, mai kwanso dabam, ya ɓarke a Nijar a 2015 da Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga rukunoni biyar.

4.0 Raibosom da Filasmid

Raibosom ne ke ƙera furotin. Na bakteriya nau'in 70S ne, na mutum kuwa 80S, kuma ta wannan bambanci magungunan tetirasaikilin da eritiromaisin ke tsayar da na bakteriya kaɗai. Bairos ɗin mura ba shi da bango ba shi da raibosom, saboda haka shan waɗannan magunguna dominsa asara ce.

Filasmid kuwa ƙaramin zoben ƙwayoyin gado ne da bakteriya ke miƙa wa 'yar'uwarta, ko da jinsinsu bai zo ɗaya ba. Wasu na ɗauke da umarnin ƙera sinadarin da ke tsinka fenisilin kafin ya isa bango. Duk lokacin da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, marasa kariya ne ke mutuwa, masu filasmid ɗin su sami fili su yaɗu.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya tabbatar da cewa kowane magani da sashen da yake nufa, kowace allurar rigakafin sanƙarau da aka ambata da kwanson da ta sani. Saboda haka ana ba da shawarar a wadata ɗakunan gwaji na ƙananan asibitoci da madubi da kayan rini da ƙwararrun ma'aikata, kuma a riƙa tantance rukunin ƙwayar sanƙarau a duk inda ta ɓulla, domin zaɓin magani ya dogara a kan sanin ƙwayar da ake fuskanta.