Hadda da Fahimta: Abin da Ibn Haldun Ya Gani a Makarantun Magrib

Gardamar da masana ke yi yau, ko a cika kan yaro da karatu ko kuwa a koya masa tunani, ta daɗe. Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis cikin 1332, ya yi magana a kanta cikin Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377.

Ya duba yadda kowace ƙasa ke fara koya wa yara. Mutanen Magrib ba su haɗa Alƙur'ani da kome, sai yaro ya ƙware a kansa. Mutanen Andalus kuwa suna haɗa masa da waƙoƙin Larabawa da ƙa'idodin Larabci da kyawun rubutu. Ya kuma kawo shawarar Alƙali Abubakar ibn al-Arabi na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1148, watau a fara da Larabci da lissafi, sa'an nan a shiga Alƙur'ani, don yaro ya san abin da yake karantawa. Ibn Haldun ya yaba shawarar, amma ya ce al'ada ba za ta yarda ba. Iyaye suna neman albarka, suna kuma tsoron in yaro ya balaga ya fi ƙarfin kwaɓa, ya tashi bai sami kome ba.

Inda ya fi kuka shi ne kan manyan ɗalibai. Ya ce a Maroko shekara 16 aka yanka wa ɗalibi a madarasa, a Tunis kuwa shekara 5. Dalili, na Maroko sun dogara ga hadda, suna zaune gaban malami shiru, ba muhawara. A ganinsa gwaninta ba ta samuwa sai harshe ya saba da tambaya da amsa.

Wannan magana ta shafe mu, gama ƙasar Hausa ta gaji hanyar Magrib: ruwayar Warshu, da rubutun Magribi, da mazhabar Maliki. Yaro yakan fara da allo, sai ya sauke ya shiga zaure, ya ɗauki Ahalari da Iziyya da Risala, malami yana fassara.

To, Ibn Haldun bai ce a bar hadda ba, gama wanda bai tara kome a ka ba, da me zai yi muhawara? Abin da ya ƙi shi ne ɗalibi ya yi furfura bai taɓa buɗe baki ya tambayi dalili ba. Hadda tana da lokacinta, muhawara tana da nata, aikin malami kuwa shi ne ya gane ranar da almajirinsa ya isa ya ƙetare daga wannan zuwa waccan.