Uwar Maƙera da Bayis ɗin Reluwe: Tarihin Kafanchan da Ake Ɗorawa a Kan Sikeli



Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wasu ƙarafa guda biyu da mafi yawanmu muke wucewa ta gabansu kullum ba tare da mun dube su ba, wato uwar maƙera irin ta Turawa mai ƙaho, da kuma babban bayis, mamatsin ƙarfen nan da makanikai da masu walda suke ɗaurewa a kan tebur don ya riƙe musu aiki. Na san wani zai ce me ya haɗa tarihi da tsohon ƙarfe mai tsatsa. To mai karatu, a garinmu Kafanchan takardu da hotuna da yawa sun ƙone a rikice-rikicen da suka gabata, dattawan da suka ga zamanin Turawa kuma sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage wanda yake ɗauke da suna da lamba da nauyi a jikinsa shi ne waɗannan ƙarafa, su ɗin ma kullum sai raguwa suke yi, domin ana ɗora su a sikeli ana sayar da su kilo-kilo.

Bari mu koma baya kaɗan. Ƙira ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ƙauyen Nok, wanda aka sa wa tsohuwar al'adar nan sunansa, yana ƙasar Ham ne, ba nisa da mu. A shekarar 1943 aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, bayan wani ma'aikaci ya kafa shi a gonarsa don korar tsuntsaye. Daga baya an tono matoyar tama a Taruga, kusa da Abuja, wadda masana suka ce ta haura shekaru 2,000. Ke nan tun kafin Bahaushe ko Bature ya taka wannan ƙasa, mutanenta suna narka tama suna ƙera fartanya da kibiya. Maƙeran Hausa da suka gangaro daga Zazzau da Kano su ma sun zo da nasu kayan: masaba, awartaki, zuga-zugi, da uwar maƙera ta gargajiya, wadda turken ƙarfe ne mai faɗin kai da ake kafawa a cikin kututture a binne a ƙasa, maƙeri ya zauna a gabanta ya yi aikinsa.

Ita kuwa mai ƙahon, jirgin ƙasa ne ya kawo ta. Turawa sun gano kwal a Udi a 1909, suka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal zuwa Inugu wanda aka gama a 1916, sannan suka ci gaba da turo shi arewa. A 1927 layin ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, a shekarar kuma aka buɗe reshen da ya hau zuwa Jos don ɗauko kuza. Gadar Makurɗi ba a buɗe ta ba sai 1932, kafin nan a kan ruwa ake tsallakar da taragai a Binuwai. Nan da nan ƙasar Fantswam ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, masu zuwa gabas da masu zuwa Kaduna da masu hawa Filato duk sai sun tsaya. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan, 'yan kasuwa suka biyo, cikinsu har da kakannin da yawa daga cikinmu.

Injin jirgi na wancan lokaci mai aiki da kwal da ruwa ne, kuma kamar doki yake, kullum yana bukatar mai kula da shi. Shi ya sa aka gina loko, inda ake kwantar da injuna a wanke tukunyarsu, a gyara abin da ya lalace. A wancan zamani ba a cewa bari a aika Legas a kawo sabon fil ko sabon ƙugiya. Maƙerin reluwe ne zai sa ƙarfe a wuta ya buga shi a kan uwar maƙera, fita kuma ya matse shi a bayis ya bi shi da magagari har ya zauna daidai. Manyan gyare-gyare ana kai su Ebute Metta ko Inugu, amma na yau da kullum a nan ake yi. Haka abin yake a wuraren gyara na kamfanonin kuza a Bukuru, da na sashen ayyuka na gwamnati, da na En'e. Kusan duk kayan aikin daga Ingila ake odarsu, ta hannun Crown Agents, wakilan da suke yi wa gwamnatocin mulkin mallaka sayayya, ko ta kamfanoni irin su John Holt da UAC.

A nan akwai abin da nake so 'yan'uwana Hausawan Kafanchan mu riƙe. Hannun da ya yi aiki a kan waɗannan ƙarafa ba na ƙabila ɗaya ba ne. Yawancin ƙwararrun ma'aikatan loko na farko Ibo ne da Yarabawa, domin su suka riga shiga makarantar boko da koyon sana'ar Turawa. Mutanen Fantswam da Bajju da Kagoro da Kaninkon su suka fasa dutse suka ɗauki ƙasa a ka lokacin shimfiɗa layin, a ƙarƙashin aikin tilas a wurare da dama, daga baya 'ya'yansu suka zama direbobi da kafintoci da makanikai. Mu kuma mun fi yawa a fatauci da dako da ƙira ta kasuwa. Da tashin hankalin 1966 ya faru, Ibo ma'aikatan reluwe suka bar garin, kayan aikin suka rage a hannun waɗanda suka koya a wurinsu. Don haka idan ana gardamar ɗan ƙasa da baƙo, kada wani ya ɗauko uwar maƙera ya ce hujjarsa ce. Ba ta goyon bayan kowa. Abin da take shaida kawai shi ne an yi shekaru ana cin abinci tare a kanta.

Yadda ƙarafan suka fito daga loko suka shiga gari labari ne mai rassa. Hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta fara sauya injunan kwal da na dizal tun a shekarun 1950, kuma injin dizal ba ya bukatar maƙeri kamar na kwal. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957. Farashin kuza ya faɗi warwas a duniya a 1985, kamfanonin Filato suka durƙushe. Wasu kayan an yi gwanjonsu, wasu ma'aikata sun tafi da su gida lokacin da albashi da fansho suka daina zuwa a kan kari, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, satarsu aka yi. Ko ta wace hanya, sun ƙare a rumfunan maƙera da garejin makanikai da shagunan walda, daga Kafanchan har Zonkwa da Kwoi da Kaciya, suna ci gaba da aiki.

Mahaifina yana cikin masu sayar da kayan ƙarfe da na gini, don haka tun ina ƙarami nake ganin ana cinikin irin waɗannan kaya, kuma a nan na koyi karanta jikinsu. Bayis ɗin da aka fi samu shi ne Record, na kamfanin C. & J. Hampton da ke Sheffield. Asalin fentinsa shuɗi ne, kuma ana zubo sunan da lambar a gefensa. Lamba 6 da lamba 25 duk bakinsu inci shida ne, sai dai lamba 25 yana da ɗan maɓalli a ƙarƙashin hannun, idan ka danna shi bakin zai zame ya buɗe gaba ɗaya ba sai ka yi ta juyawa ba. Akwai Woden da Parkinson su ma, ba su kai Record yawa ba. Sannan akwai wanda ya fi su duka tsufa, bayis mai ƙafa, wanda yake da doguwar ƙafa guda da take sauka har ƙasa. Wannan na maƙera ne, an yi shi don a doki ƙarfe mai zafi a cikin bakinsa, ƙarfin dukan ya bi ƙafar ya shige ƙasa. Idan ka yi wa bayis na tebur irin wannan duka, wata rana zai tsage.

Uwar maƙera ta fi daɗin karantawa. Tsofaffin na Ingila, irin su Peter Wright na garin Dudley da Mousehole na Sheffield, jikinsu baƙin ƙarfe ne da aka ƙera, sannan aka liƙa farantin ƙarfe mai tauri a sama da wuta. Na John Brooks na baya-bayan nan zubi ɗaya ne. A gefen tsofaffin za ka ga lambobi uku a jere, mutane da yawa suna zaton shekara ce ko lambar gwamnati. Nauyi ne. Lambar farko ana ninka ta da laba 112, ta tsakiya da laba 28, ta ƙarshe kuma labobin da suka yi saura ne. Misali idan ka ga 1, 2, 10, to 112 ne da 56 da 10, laba 178 ke nan, wajen kilo 81. Lambar tsakiya ba ta wuce 3, ta ƙarshe ba ta wuce 27. Wanda ya san wannan lissafi, mai sikeli ba zai cuce shi ba.

Gwajin ingancinta kuwa bai wuce ƙwallon boris guda ba. Ka sake shi daga sama kamar taƙi ɗaya a kan fuskarta. Idan ya yi tsalle ya dawo kusa da yatsunka, fuskar tana nan da taurinta. Idan ya faɗi ya ɗan motsa ya kwanta, to ko dai ta zubin tukunya ce irin masu arha da ake shigowa da su yanzu, ko kuma ta sha wuta. Wannan na biyun ya shafe mu ƙwarai. Gobara mai tsanani tana kashe taurin ƙarfe. Bayan rikicin zaɓe na Afrilun 2011, wanda kasuwar Kafanchan ta ƙone a cikinsa, an tono uwar maƙera da bayis daga cikin toka a wurare da dama, a ido lafiya lau, amma da ka ɗora guduma sai ka ga fuskar tana lotsawa. Na taɓa gwada wata irin wannan a wata rumfa, ƙwallon ko rabin taƙi bai tashi ba. Mai ita ya san ta mutu, ya ƙi sayarwa, ya ce ta ubansa ce, Allah Ya jiƙansa.

A Amurka da Ingila akwai mutanen da tara waɗannan ƙarafa ne abin sha'awarsu. Wani mai suna Richard Postman har littafi guda ya wallafa a 1998, Anvils in America, a kan tarihin masu ƙera su da yadda ake gane kowace iri. A can suna duba sunan kamfani, da lafiyar gefuna, da ko an taɓa yi mata walda, kuma Peter Wright mai lafiya tana yin kuɗin da ya ninka na tsohon ƙarfe sau da yawa. Shi ma Record na Sheffield darajarsa ta ƙaru tun da aka daina yin sa a Ingila. A nan kuwa farashi ɗaya ne da na ruɓaɓɓen bodin mota. Yaran bola-jari su saya a hannun magada, su kai wa dillali, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, ta dawo mana a matsayin rodin gini. Ba na zargin yaran, abincinsu suke nema, kuma ba su suka sa farashin ba. Amma masu kwance layin dogo da dare suna yankawa, waɗannan ɓarayi ne, kuma suna jawo wa duk mai sana'ar tsohon ƙarfe baƙin jini, har da Hausawan da ba ruwansu.

Duk da haka ni ba na cikin masu son a kwashe su a goge a jera a falo kamar yadda Turawa suke yi. Uwar maƙera mai kilo tamanin a hannun maƙerin da yake yi wa manoman citta garma ta fi amfani nesa ba kusa ba. Manoman nan sun sha wahala da cutar da ta cinye citta a 2023, kuma garmar da maƙerin gida zai gyara musu ta fi musu sauƙi a kan sabuwa. Yawancin matasan maƙera yanzu a kan guntun layin dogo suke bugu, ko a kan tsohon gatarin tirela, domin ba su da kuɗin sayen ta kirki, alhali ta kirkin tana wucewa ta gabansu a cikin baro za a kai ta sikeli. Jirgin zamani na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai biyo ta wajenmu ba, kuma ko an gyara layin gabas, ba za a sake odar irin waɗannan kaya daga Sheffield ba. Waɗanda suke ƙasa su ke nan.

Shawarata ga duk wanda ya gaji ɗaya daga cikinsu ita ce, kafin ya kira mai sikeli ya fara leƙa rumfar maƙera ko ya sami Sarkin Maƙera, sau da yawa za a samu wanda zai biya abin da ya fi na kilo, ko da a hankali ne. Idan kuma dole sai an sayar, a goge gefen da burushin waya, a shafa alli a kan rubutun don ya fito, a ɗauki hoto, a rubuta sunan wanda ya yi aiki da ita da inda ya samo ta. Ni na fara yin haka a wani littafi da nake ajiyewa a shago. Shafin farko bayis mai ƙafa ne da na gani a wani gareji a hanyar Kagoro, mai shi Bajju ne, ya ce ubangidansa wani Ibo ne ya bar masa a 1966 da niyyar zai dawo ya karɓa.