Yadda Jirgin Dizal Ya Gaji Jirgin Kwal a Ingila

Kowa ya sani a Ingila aka haifi jirgin ƙasa. Tun shekarar 1825 aka fara ɗaukar mutane a jirgi mai tafiya da tururi tsakanin garin Stockton da Darlington, tun daga nan kuwa har shekara ɗari da 'yan kai kwal ne abincin jirgi. To, yaya aka yi mutanen da suka ƙago wannan abu suka rabu da shi, me kuma ya same su a wajen rabuwar?

A shekarar 1948 gwamnati ta karɓi reluwe daga hannun manyan kamfanoni huɗu, ta haɗa su wuri ɗaya, aka sa musu suna British Railways. A lokacin nan kawunan jirgi masu kwal sun kai kamar 20,000. Amma aikinsu akwai wahala. Sai an hura wuta, an jira awoyi ruwan tukunya ya tafasa, kana jirgi ya motsa. In ya kama hanya, ga fayaman yana ta zuba kwal da shebur ba hutawa. In ya sauka, sai a kwashe toka a share tukunya. Ga hayaƙi, ga dauɗa, samari kuwa suka fara gudun aikin. Bugu da ƙari, cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da ke juya ƙafafun jirgi bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saura duk iska ke shanyewa.

Shi kan jirgi na dizal ba haka yake ba. Injinsa yana ƙona mai, ya juya wata na'ura mai haifar da lantarki, lantarkin nan shi ke juya ƙafafu. Ana tayar da shi nan da nan kamar mota, yana kuma iya yini ya kwana a bisa hanya. Saboda haka a shekarar 1955 hukuma ta fito da wani babban shiri na sabunta reluwe, wanda aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 1,240, da nufin a maye gurbin kwal da dizal da lantarki.

Da fari an bi hanyar hankali. Aka ce kamfanoni dabam-dabam su ƙera kawunan jirgi 174 iri-iri, a gwada su shekara uku, a ga wanda ya yi ƙarko, sa'an nan a sayi irinsa da yawa. Amma reluwe tana hasara, motoci suna kwashe mata fasinja da kaya, sai haƙurin manya ya ƙare. Tun gwajin bai yi nisa ba suka yi odar ɗaruruwa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Waɗansu irin suka riƙa mutuwa a hanya, waɗansu aka yar da su tun ba su cika shekara goma ba. Sashen Yamma kuma ya ɗauko wata dabara ta Jamus wadda ba ta bi ta lantarki, kayan gyaranta dabam da na saura, ita ma aka daina aiki da ita a 1977.

Har wa yau ga wata ɓarnar. Ana cikin sayen dizal ba a bar ƙera na kwal ba. Na ƙarshensu, mai suna Evening Star, ya fito daga ma'aikatar Swindon a 1960, aka ajiye shi a 1965, watau shekara biyar kaɗai ya yi yana aiki, alhali irinsa kan yi talatin ko fi. Ran 11 ga Agusta 1968 jirgin fasinja mai kwal ya yi tafiyar ban kwana daga Liverpool zuwa Carlisle ya komo, washegari aka hana irinsa hawa babban layi.

Kada mai karatu ya zaci duka hasara aka yi. Akwai wani iri da ake kira Deltic, wanda tun 1955 kamfanin English Electric ya ƙera guda ɗaya tak, aka yi shekaru ana gwada shi. Da ya ci jarrabawa sai aka ƙera 22 a 1961 da 1962. Kowane yana da ƙarfin doki 3,300, yana gudun mil 100 a awa. Su 22 ɗin nan suka ɗauke aikin masu kwal 55. Tafiyar mil 393 daga Landan zuwa Edinburgh, babban birnin Sikotland, suka mai da ita awa shida, suka ci gaba da aiki a layin har farkon 1982.

Duk da haka mota da jirgin sama ba su bar reluwe ta numfasa ba, gama an buɗe babbar hanyar mota ta M1 tun 1959, waɗansu kuma suka biyo baya. Sai masana suka shiga ƙago wani sabon jirgi mai suna APT, wanda kan karkata jikinsa in ya zo kwana don kada ya rage gudu. Da injiniyoyi suka ga aikinsa zai daɗe, suka ce bari a yi wani na riƙon ƙwarya da dabarun da aka riga aka sani. Suka sa kan jirgi ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowane da ƙarfin doki 2,250, taragon fasinja a tsakiya. In ya kai tasha ba sai an juya shi ba, direba ne kawai zai koma ɗaya kan. Shi ne InterCity 125, an sa masa wannan lamba don yana gudun mil 125 a awa.

Ran 4 ga Oktoba 1976 ya fara jigila daga tashar Paddington ta Landan zuwa Bristol da Kudancin Wales. Fasinja suka komo wa jirgi. Da aka kai shi layin Edinburgh, tafiyar nan ta awa shida ta koma ƙasa da biyar. A 1987 ya yi gudun mil 148 a awa, aka rubuta shi a matsayin jirgin dizal mafi gudu a duniya. APT ɗin da aka ɗora wa buri kuwa ya sha ɓaci, aka watsar da shi kafin 1987. Na riƙon ƙwarya shi ya yi ta aiki a manyan layukan Paddington da King's Cross har 2019, shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

In an duba labarin nan daga farko, za a ga jiragen da suka yi wa Ingila amfani su ne waɗanda aka gwada kafin a saya, ko aka gina su bisa abin da aka riga aka gwada. Waɗanda aka saya da gaggawa kuwa, kuɗin talakawa masu biyan haraji ne suka bi su zuwa wurin masu yankan ƙarfe. Wannan ya isa abin lura ga duk wanda aka danƙa wa dukiyar jama'a.